Marigayiya, Jiƙai da Tattaɓa-kunne: Amsa Ga Mai Rubutu Kan Kakarta

Wasiƙa mafi tsawo da ta zo mini a makon nan daga wata malamar makaranta ce a Funtuwa. Kakarta ta wajen uwa ta rasu, dangi kuma suka ɗora mata rubuta 'yar takardar da za a raba ranar da za a taru a yi wa tsohuwar addu'a. Ta ce Inna, haka duk gidan ke kiran ta, ta haifi tara, ta binne huɗu, ta yaye jikoki rututu a ɗakinta. Ita kanta mai wasiƙar can aka kai ta yaye, ba ta bar ɗakin ba sai ranar da aka kai ta gidan miji. Da ta zauna rubutu sai kalmomi suka yi mata gardama. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri, Malama. Ga abin da ya sawwaƙa.

"Malam, marigayiya zan rubuta ko mamaciya? Ƙanena ya ce duk ɗaya ne."

Ki gaya wa ƙanen naki ba ɗaya ba ne. Mamaci da mamaciya daga "mace" suka fito, wato mutuwa tsagwaronta, shi ya sa aka fi jin su a bakin alƙali da malamin rabon gado: dukiyar mamaci, magadan mamaci, bashin da ake bin mamaci. Kalma ce da ba ta san kowa ba. Marigayi da marigayiya kuwa daga "rigaya" suke. Marigayiya ita ce wadda ta rigaya. Ta rigayi wa? Ba a faɗa ba, don kowa ya sani, mu ne. Cikakkiyar maganar ita ce "ta riga mu gidan gaskiya". Duk wanda ya ce marigayiya ya amsa ke nan cewa hanya ɗaya ce, wata ta yi gaba, shi yana tafe. Ita za ki rubuta. Za ki ji wasu na cewa "margayiya", sun haɗiye wasalin tsakiya saboda saurin baki, amma a takarda ki cika ta.

Haka nan ki ce ta rasu, kada ki ce ta mutu. Akuya na mutuwa, fitila na mutuwa, aure na mutuwa, kasuwa ma na mutuwa, amma ban taɓa jin wanda ya ce akuyarsa ta rasu ba. "Rasu" ɗan gidan "rasa" ne, kamar yadda "gyaru" yake ga "gyara", "taru" ga "tara". Mu muka rasa, ita ta rasu. "Ta cika" maganar waɗanda ke zaune a kanta ce a daidai lokacin da rai ya yi halinsa. "Ta kwanta dama" na nuni da yadda ake kwantar da Musulmi a kabari, a gefen dama yana fuskantar alƙibla. "Wafati" Larabci ce, mun saba ajiye ta ga Annabi da manyan malamai, ki bar ta a can.

"Na ga 'yan'uwana suna ta rubuta 'Allah ya jikanta' a waya. Daidai ne?"

Wannan kam ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kalmomi uku ne suke kama da juna a ido, kunne kuwa ba ya haɗa su. Jika, da k marar lanƙwasa, ɗan ɗa ne ko ɗan 'ya. Jiƙa, da ƙ, sa abu a ruwa ne, kamar jiƙa gero ko jiƙa kanwa. Sai ta addu'ar, wadda asalinta kalma biyu ce, "ji" da "ƙai". Ƙai tausayi ne, shi ne a cikin "jin ƙai" da "jiƙai". "Allah ya ji ƙanta" na nufin Allah ya ji tausayinta, ya yi mata rahama. Yawan faɗa ne ya manne kalmomin biyu har muke cewa "jiƙan". In aka rubuta "jikanta" da k, abin da ke kan takarda shi ne ɗan ɗanta. A ta'aziyyar kaka kuwa, inda jikoki ne cike da tsakar gida, kuskuren har dariya yake ba ni a wurin da bai kamata a yi dariya ba. Na san Allah ya san nufin mai rubutu, kuma wayoyi da dama sai an sauya musu allon rubutu kafin su ba da ƙ da ɗ da ɓ. To amma takardar da za a buga a ajiye a cikin adaka, a nemi mai lanƙwasar a sa mata.

"Kawunnanmu sun ce a sa ta rasu tana da shekara 110. Ni kuwa ta sha gaya mini tana goyon 'yarta ta fari aka yi zuwan Sarauniya. Ya zan yi?"

Inna ta riga ta ba ki amsa. Tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, amma suna da ma'auni, kuma ma'aunin a cikin harshe yake. Za ki ji tsohuwa ta ce "da wayona aka yi kaza", ko "ina talla", ko "ina amarya", ko "ina goyon wane". Kowace ɗaya mataki ce ta rayuwar 'ya mace, an jingina ta da abin da duk gari ya shaida. Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya a farkon 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, ta kuma je Kano. Macen da ke goyon fari a wannan shekara, a zamanin da ake aurar da 'yan mata da wuri, da wuya a ce ta haura ashirin. Ki yi lissafi da kanki. Za ki ga haihuwarta ta faɗo a ƙarshe-ƙarshen shekarun 1930, wato ta haura tamanin da kyau. In kawunnanki da shekarar Hijira suke ƙirge, suna da 'yar hujja, don shekara 33 ta wata daidai take da kusan 32 ta rana, sai a ƙara mata kamar uku. Ko an ƙara ɗin, 110 na da nisa.

Ba ƙarya kawunnanki suke nufi ba, girmamawa ce, a wurinsu "ta fi ɗari" na nufin ta tsufa ƙwarai. Ni dai shawarata ki rubuta abin da ta faɗa da bakinta, ya fi kowace lamba daɗin karatu. Ki kuma lura Bahaushe bai cika auna rai da shekara ba, da kwana yake aunawa. Mai nisan kwana, tsawon kwana, da sauran kwana a gaba, ƙarar kwana. Wanda ya tsira daga hatsari a ce kwanansa ne bai ƙare ba.

A nan ne karin maganar nan take shigowa, "kowa ya daɗe ya ga daɗau". Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko daɗau sunan mutum ne. A'a. Daga "daɗe" aka ƙera ta, da ƙarshen nan "au" da muke ji a mantau, mai yawan mantuwa, da makarau, mai yawan makara, da jimrau. Daɗau shi ne abin da sai wanda ya daɗe yake gani. Inna tana da 'ya'ya aka kashe Sardauna a Janairun 1966. Ta ga ranar da motoci suka koma hannun dama a 1972, ta ga fam da sule sun zama naira da kwabo a 1973, ta ga jikanta yana magana da ita daga wata ƙasa tana kallon fuskarsa a tafin hannu. Amma kada ki ɗauka daɗau abin mamaki ne mai daɗi kawai. Tsofaffi sun fi yin wannan karin magana ranar da suka ga abin da ba su so gani ba. Uwar da ta raka 'ya'ya huɗu da ido zuwa makwanci ta ga daɗau fiye da mu duka.

Wani saurayi daga Damagaram ya rubuto: "Malam, me ya sa ake ce wa ɗan jika tattaɓa-kunne? Kuma me ya sa kakata ke ce mini mijinta, ta ce wa ƙanwata kishiya?"

Na sa tambayarka a nan, ɗana, don ta dace da ta Malama. Jerin shi ne ɗa, jika, tattaɓa-kunne. Kalmar harɗaɗɗiya ce, aiki da suna aka haɗa, irin su a-ci-balbal, kuma "tattaɓa" maimaicin "taɓa" ne, taɓawa sau da yawa a hankali. Bayanin da na fi ji a bakin dattawa shi ne, kafin mutum ya ga ɗan jikansa ido ya yi rauni, in aka miƙo masa jariri sai ya shafa kai, ya tattaɓa kunne, a haka yake gaisawa da shi. Bayanin baka ne, amma duk wanda ya taɓa ganin an ɗora wa tsohuwa jariri a cinya ya san hoton gaskiya ne.

Maganar miji da kishiya kuwa wasan kaka da jika ne, kuma ba za ka gane shi ba sai ka dubi abin da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya. A al'adarmu tsakanin uwa da ɗanta, musamman ɗan fari, kunya ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko ɗaukarsa ba ta yi in da baƙi. Duk abin da kunya ta hana uwa, sai al'ada ta buɗe wa kaka ƙofarsa. Ita ke karɓar yaro ranar yaye, in ya kusa shekara biyu, ta dama masa kunu, ta goya shi har ya manta da nono. Ita ce za ta ce maka "maigida, ina cefane?", kai kuma ka ce ka sake ta ka auri yarinya. Ƙanwarka kishiya ce tunda kakanku namiji yana kiran ta amaryarsa. Ba kakarka kaɗai ba ce, haka ake yi daga Damagaram har Zariya. In kana da ɗan abin hannu ka riƙa kai cefanen.

Kunyar nan ita ce kuma ta haifar da rabin sunayen da ke gidajenmu. In aka mayar wa jaririya sunan kakarta, iyayenta ba za su iya kiran sunan ba, sai ta zama Ummi, ko Mama, ko Uwani, ko Walida. Namiji ya zama Abba ko Baffa. Inna da Goggo da Baffa da Kawu duk daga Fulatanci muka aro su, haka ma dattijo. Umma da Ummi daga Larabci.

Komawa ga Malama. Tambayarta ta ƙarshe: "Wace karin magana zan sa a saman takardar? Na yi tunanin 'babban bango ya faɗi'. Kuma ta'aziyya zan kira rubutun ko marsiyya?"

Ta biyun tukuna, don ta fi sauƙi. Ta'aziyya ga masu rai ake yin ta, ba da haƙuri ce, ita ce Larabcin gaisuwar mutuwa. Marsiyya waƙa ce ta yabon wanda ya rasu da begensa. Mata sun daɗe a wannan fage a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. In naki zube ne ba waƙa ba, ki kira shi tunawa ko taƙaitaccen tarihi, ya wadatar.

"Bango ya faɗi" ba laifi, bango majingina ne. Sai dai jaridu sun tsotse ta, duk ɗan siyasar da ya rasu babban bango ne, har ta daina taɓa zuciya. Kada kuma ki sa "rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki", wadda na ga wasu na sawa a irin wannan takarda. Ma'anarta maneji ne, an rasa na gaske an kama na kusa, kuma matar da ta yaye ki ta aurar da ke ba maneji ba ce.

In gaskiyar aikin Inna kike so, "babba juji" ce. Kowa a gida ya kwaso shararsa wurinta yake zubarwa, mai yaji, mai bashi, wanda ya faɗi jarrabawa, surukar da aka ɓata wa rai, ita kuma ta haɗiye ba wanda ya ji. Manomi ya san juji, daga can ake kwasar takin da ke raya gona. Amma na san dangi, wani kawu zai ce kin kira uwarsa bola. Don haka ki ajiye wannan a bakinki, a takarda ki sa "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Ta dace da mai 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, kuma waɗanda suka karanta za su gane da kansu wace ce maɗaurin.

Sunanta na yanka ki rubuta shi sau ɗaya a sama tare da na mahaifinta, don masu addu'a su ambata. Kada ki yi mamaki in wasu jikokin a ranar za su fara jin sa. Daga nan har ƙasan takarda ki ci gaba da ce mata Inna.

Mutumin Kumasi da ya tambayi bambancin gyatuma da tsohuwa, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa.