Amsa kan dasa ƙwayoyin tsokar cinya a zuciya

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce zuciyarsa ta raunana, ƙafafu na kumbura, an kuma ce maka a ƙasar waje ana ɗebo ƙwayoyin tsoka daga cinya a dasa a zuciya, har kana shirin sayar da gonar fadama. Don Allah ka dakata da gonar nan.

Irin wannan maganar wani dillalin asibitocin waje ya kawo mana lokacin jinyar yayana a Argungu, na yi makonni ina damun likitoci da tambaya.

Aikin dai an yi shi, ba ƙarya ba ne. Wani likitan tiyata, Philippe Menasché, ya fara gwada shi a jikin mutum a Faransa a 2000. Ana yanko ɗan nama daga cinya, a raini ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji mako biyu zuwa uku har su yawaita, sannan a yi allurarsu cikin tabon da toshewar jijiya ta bari a zuciya. Tunda naman mutum ne da kansa, jiki ba ya ƙinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙwayoyin zuciya a haɗe suke, saƙon lantarki na ratsa su su matse lokaci guda, su kuwa baƙin nan na cinya ba sa shiga sahu. Cikin mutum 10 na farko, 4 bugunsu ya rikice rikicewa mai haɗari. Babban gwajin da aka fitar a 2008 bai nuna ƙarfin harba jini ya ƙaru ba. Japan ma ta ba wani nau'in wannan dashen izinin wucin gadi a 2015, a 2024 aka daina.

Abin da ya tashi yayana, da ikon Allah, bai kai kuɗin jirgi ba. Mun je asibitin koyarwa na Sakkwato aka yi masa hoton zuciya, aka ɗora shi kan maganin rage ruwa da na ƙarfafa zuciya. Uwargidansa ta rage gishiri da dunƙule, ta daina sa kanwa, shi kuma ya bar maganin ciwon jiki na kemis, don maganin na sa jiki tara ruwa. Kullum da safe sai ya hau sikeli don a ga ko ruwa na taruwa. Mutumin da sai da matasai uku yake barci, yau yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

An yi wa Baba hoton zuciyar kuwa? In ba a yi ba, da shi za ku fara, ku tafi da duk magungunan da yake sha likita ya gani.