Amsa kan tseren dawaki na Baden

Malam, ka tambaya ko Derby na Hambug ne tseren da ya fi daɗewa a Jamus. A'a, Grosser Preis von Baden ya girme shi, domin a 1858 aka fara shi a filin Iffezheim, shi kuwa Derby sai 1869. Da fari mita 3,200 ake yi a tseren na Baden, yanzu 2,400 a kan ciyawa, ba tsallake shinge, kuma doki sai ya kai shekara uku. Abin da ya fi burge ni Kincsem ce, goɗiyar Hangari, wadda ta cinye shi sau uku a jere daga 1877. A 1878 ta yi kunnen doki da wani doki mai suna Prince Giles, aka sake sakin su, ta bar shi a baya.