Na yi aikin gini a soja, me zan kama bayan ritaya?

Yallaɓai na ga tambayarka, ka ce kana sashen injiniyoyin soja, ka yi kwas a makarantarsu ta Makurdi, yanzu za ka ajiye kaki ba ka san inda za ka dosa ba. Wallahi sana'a na hannunka. Wanda ya saba haɗa gadar ƙarfe, ya tuƙa gireda da katafila, kamfanonin hanya na neman irinsa ruwa a jallo, ko direban manyan injina ko foman mai kula da lebura, ga kuma haƙar rijiyar burtsatse.

Inda ƴan'uwa ke tuntuɓe shi ne takarda, ba kowane manaja ya san darajar satifiket ɗin bariki ba, don haka ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago tun kana ciki, sannan ka leƙa ofishin COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, su faɗa maka matakin rajistar da ya dace da kai. In an tura ka cibiyar koyon sana'a ta sojoji masu shirin ritaya da ke Oshodi a Legas, kar ka ɗauke ta hutu.

Kuma don Allah kar ka zuba giratutinka a tifa ko injin bulo sai ka ɗan yi aiki ƙarƙashin wani, ka ga yadda kuɗin kwangila ke maƙalewa wata da watanni. In kamfani za ka buɗe, nemi lauya ya yi maka rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni.