Tambaya da Amsa: Mun tono tulu a kufai, an ce zinaren ciki ne ya koma gawayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Gwaram, jihar Jigawa. Bayan an kau da amfanin gona, ni da ƙanena muka je kufan da ke gabas da gari haƙar ƙasar tubali, sai diga ta ci karo da wani ƙaton tulu a kife. Da muka ɗaga shi ba mu ga komai ba sai gawayi da toka da 'yan ƙasusuwa da duwatsun wuya guda-guda. A gefe kuma ga kashin maƙera tuli. Kwana uku da haka zazzaɓi ya kwantar da ƙanen nawa, har yana sambatu. Wani baƙo mai aiki da rauhanai ya ce zinare ne a ciki, mun buɗe ba izini shi ya sa ya rikiɗe, kuma akwai tulu na biyu can ƙasa. Yana son baƙin rago da naira 300,000 a yi haƙan da dare, in ba haka ba wai masu wurin ba za su saki yaron ba. Innarmu ta ce a sayar da sa. Me ke cikin ramin nan, kuma me za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya kwantar wa Inna hankali. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ka ɗora yaron a babur ku tafi asibiti a gwada jininsa. Nawa daktancin na tono kayan tarihi ne, ba na allura ba, amma kowa ya san kaka lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma zazzaɓin da ya kai ga sambatu ba ya jiran a samo rago. Sa kuma a bar shi a turkensa.

Abin da kuka tono, a yadda ka siffanta shi, tsohon mazaunin mutane ne da aka taɓa narka tama a cikinsa. Kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka tama, shi ne shaidar hakan. Tulu a kife da ƙashi da duwatsun wuya na iya zama kabari na kafin Musulunci ya game karkara, yana iya zama wurin tsafin gida, kuma ƙashin ma sai an duba kafin a ce na mutum ne ko na akuya. Wannan ba baƙon abu ba ne a yankinku. Maƙwabtanku na Birnin Kudu suna da zanen shanu marasa tozo a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana suka fara rubutu a kansa tun shekarun 1950. Ƙasar nan an daɗe ana zaune a cikinta.

Yanzu ga maganar da ta ishe ni, wadda kusan duk kufan da muka je sai mun tarar ta riga mu isa: wai zinare yana rikiɗewa ya koma gawayi. Ba ya rikiɗewa. Zinare ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, wuta ma narka shi kawai take yi ya sake daskarewa yana zinarensa. Da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, zinaren ciki ya shafe sama da shekara 3,000 a rufe, aka fito da shi yana ƙyalli, kuma ba wanda ya yanka rago. Abin da kuka gani gawayi, gawayi aka zuba tun ranar farko.

Na san za a ce ai masu buɗe kabarin Fir'aunan ma mutuwa suka yi. Wanda ya ɗauki nauyin aikin, Lord Carnarvon, ya mutu a watan Afrilun 1923, kuma sanadin sananne ne: sauro ya cije shi a kumatu, ya yanke wurin garin aski, ciwon ya ruɓe ya shiga jini, a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Shi kuwa Carter, wanda ya fi kowa daɗewa cikin kabarin, sai 1939 ya mutu. Jaridun Turai ne suka hura wutar labarin tsinuwa don cinikinsu. Wato su ma suna da nasu masu aikin rauhanan.

Ka kuma tambayi kanka, mutanen kufan nan ina suka samu zinaren da za su cika tulu? Dukiyar talakan ƙasar Hausa hatsi ce a rumbu, da dabba, da tufafi, da ƙarfen garma. Kuɗin kashewa wuri ne, shi ma tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, ya shigo. Da Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa ɗaya. Ba na cewa ba a taɓa samun zinare a ƙasa ba. An samu a Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Mani a Katsina, inda aka tona a 1907 aka sake a 1992. Amma can kaburburan sarakuna ne masu tudun da ake hangowa daga nesa, kuma abin da aka samu kayan ado ne a jikin mamaci, ba tulu cike da curi ba.

Baƙon naku kuwa aikinsa na sani. Da dare ake yi don kada mai hankali ya gani. Wani ma yakan zo da na'urar gano ƙarfe, ya ɗora ta kan kashin maƙera ta yi ta kuka, dole ta yi kuka tunda da sauran ƙarfe a cikinsa. Wani yakan barbaɗa garin tagulla a ramin ya haska da tocila. Sannan in an haƙa ba a ga komai ba, laifin ba ya taɓa zama nasa: wani ya yi magana, wani ya waiwaya, ragon yana da ɗigon fari a ƙafa. A sake kawo wani. Ba inda ake tsayawa sai an ga bayan garken. Mutumin da ya san inda tulun zinare yake, me zai yi da naira 300,000 ɗinka? Me ya hana shi ya saya wa kansa ragon? Kuma in ta addini ce, ka koma Suratu Saba'i, aya ta 14. Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta yi masa bauta ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Waɗanda ba su gane gawa a gabansu ba, su ne za su ba wani labarin tulu na biyu? Ka kuma san hadisin da ya ce wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Asarar sa ma da sauƙi. Haƙan ne ke kisa. Ƙasar kufai ba ƙasa ce mai ƙwari ba, juji ne kan juji, a ƙarƙashi ga tsofaffin rijiyoyi da masai da ramukan marina da aka cike sama-sama. Ƙasar da ta kai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya a nauyi, in gefen rami ya zabtaro wa mutum ko iya ƙirji ne numfashi ya gagara. Sai kuma gurɓatacciyar iska da ke kwanciya a gindin rami, ga hayaƙin janareta da za a kunna don haske. Mutum ya sulale ba ko ihu, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma ya sulale. Gobe a ce masu wurin ne suka riƙe su. A tsibirin Oak da ke Kanada tun 1795 ake haƙar wata taskar da ba wanda ya taɓa gani. A 1965 iskar rami ta kayar da wani magidanci, ɗansa ya bi shi, wasu suka bi su, mutum huɗu suka mutu rana guda. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gawayin da ake watsarwa cikin fushi, shi ne mu muke nema. Da shi ake awon shekaru a ɗakin gwaji, domin nau'in sinadarin kabon da ke cikinsa rabinsa ke raguwa duk shekara 5,730. Da irin wannan awon aka gane ana narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, sama da shekara 300 kafin Bagauda. Amma sai in yana inda yake, a shimfiɗar ƙasar da ya kwanta, ba a cakuɗa shi da tokar jiya ba. Ka dubi Dufuna a jihar Yobe: a 1987 wani Bafulatani yana haƙar rijiya ya ci karo da itace, bai faskara shi ba, ya kai labari. Da aka tono shi a 1994 sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, ɗan kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Don haka ka ɗauki hoton wurin da waya, ka mayar da duwatsun wuyan da ƙasusuwan, kada a wanke komai, a rufe da ƙasa mai laushi a kewaye da ƙaya. Ka sanar da mai unguwa da dagaci, har da zancen baƙon. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ce a sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma cikin kwana 7, ta kuma hana sayar da irin kayan nan ga 'yan kasuwa. Gidan Makama a Kano na hukumar ne, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da sashen ilimin tono kayan tarihi. Kada ka zaci gobe za ka ga mota. Halin ofisoshinmu ne a ce babu mai, ko oga ya yi tafiya, takarda ta kwana a tire har damina ta cika ramin, alhali ɗan damfara shi ba ya makara. Ka kai a rubuce, ka sa a buga maka hatimi a kwafinka, ka adana. Tubali kuma ku nemi wani kududdufin.