Wa ya share wa baƙaƙen 'yan barkwancin Amurka hanya?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ya share wa su Eddie Murphy da Dave Chappelle hanya. Ni Richard Pryor zan ce, amma kada a manta da Dick Gregory. A zamanin wariyar launin fata, a gidajen wasan baƙaƙe yawanci baƙin ɗan barkwanci yake samun wuri. A 1961 Gregory ya tsaya gaban taron farare a Chicago, ya sa su dariya da zancen wariyar da ake yi wa mutanensa. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Pryor kuwa, haifaffen garin Peoria na jihar Illinois a 1940, rayuwarsa ya baje a faifai: gidan karuwan kakarsa inda ya tashi, shaye-shayensa, cin zalin 'yan sanda. Kana dariya, ƙwalla na taruwa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne zuwansa Kenya a 1979. Da ya dawo, sai ya ce ya daina kiran baƙar fata da kalmar nan ta cin mutunci da ta kama masa baki. A 1998 shi aka fara ba lambar yabon Mark Twain ta barkwanci, lokacin ciwon jijiyoyi ya riga ya ci ƙarfinsa.