Tsohuwar kwamfutata ta daina shiga intanet bayan an yi mata fomat

Tambaya: Salam malam, ina da shagon buga takardu, akwai wata tsohuwar Dell OptiPlex 790 da nake aiki da ita, aka yi mata fomat aka zuba Windows 7, tun daga ranar ko na jona kebul ɗin rauta ba ta kawo intanet, sai wani jan X a ƙasa kusa da agogo. Mai gyara yace katin netwok ne ya ƙone sai an sayi sabo. In saya ne ko akwai dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayi komai tukuna. Kwamfutar da ke shiga intanet lafiya lau kafin fomat, ana gama fomat ta daina, da wuya a ce katin ne ya ƙone, ni dai direba nake zargi, wato ƴar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin. Windows 7 ta fito a 2009, ita kuma 790 sai 2011 ta shigo kasuwa da katin Intel 82579LM a jikin madabod ɗinta, wato babban faifan da ke cikin akwatin, kaga kenan Windows ɗin ta girmi katin, ba ta san shi ba sam, dole sai an ɗauko mata direbansa daga waje, kuma masu fomat da yawa da zarar sun ga allo ya kawo sauti ya fito shikenan sai su miƙo maka kayanka.

Fara da leƙa bayan kwamfutar inda kebul ke shiga. Akwai ƴan fitilu ƙanana guda biyu a bakin ramin, in kebul na ciki rauta na kunne yawanci ɗaya za ta tsaya a kunne ɗayar tana kyaftawa, ko da babu direba. In sun kawo toh alama ce mai kyau, katin na da rai. In shiru ne canza kebul, ka kuma canza rami a jikin rautar, don wannan ɗan roban da ke riƙe kan kebul ɗin yana yawan karyewa, sai kaga kamar ya shiga alhali ya ɗan zamo baya. Ka hure ramin ma, ƙurar hunturu ba ƙaramar ɓarna take yi ba a shagunan da ke bakin titi.

Sai ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta devmgmt.msc. A jerin da zai buɗe in ka ga an rubuta Ethernet Controller da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefe, magana ta ƙare, kwamfutar na ganin katin, direba ne babu. In kana son tabbatar da wane kamfani ne ya yi katin, danna dama a kan Ethernet Controller ɗin ka shiga Properties sai Details sai ka zaɓi Hardware Ids, zaka ga VEN da lambobi huɗu a gaba: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 kuma Broadcom. Wannan dabarar na aiki a kowace kwamfuta ba sai Dell ba.

To ya za a sauke direba babu intanet? Da wayarka. Shiga shafin Dell, ka sa lambar Service Tag da ke manne a jikin akwatin, ka zaɓi Windows 7, amma ka kula ko taka 32 bit ce ko 64, sauke direban netwok ɗin ka tura shi ta kebul ɗin caji ko filash. Don Allah ka guji waɗannan manhajojin da ke cewa za su nemo maka duka direbobi da dannawa ɗaya, tarkacen talla suke cika tsohuwar kwamfuta da shi har ta riƙa jan ƙafa.

In kuma ka duba jerin babu katin kwata kwata, ba mai alama ba marar alama, kashe ta ka kunna kana danna F2 ka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, nemi Integrated NIC, wato katin netwok ɗin, ka tabbatar yana kan Enabled. Kana ciki ka dubi kwanan wata, in ya koma shekarun baya toh ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, kuma shi kaɗai ya isa ya sa shafuka su ƙi buɗewa ko da intanet na shigowa, saboda burauza ba ta yarda da shafi in agogo ya karkace.

Wani lokacin direba zai hau, jan X ya tafi amma har yanzu ba komai. Danna Windows da R ka rubuta cmd, a baƙin allon da zai buɗe ka rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 169.254 na nufin rauta bata ba ta adireshi ba, sai ka kashe rautar ka kunna, ka rubuta ipconfig /renew.

Yaushe zan yarda da mai gyaran naka? Sai an gwada kebul mai kyau fitila ba ta kawo ba, Integrated NIC na kan Enabled a BIOS, kuma katin bai fito a jerin ba, musamman in an yi tsawa mai ƙarfi ko wutar NEPA ta zo da ƙarfi a kwanakin. Ko a nan ɗin ma ba sai an taɓa madabod ba, ɗan adafta na USB mai ramin kebul ya wadatar, ka dai tambaya ko yana da direban Windows 7. In katin ciki kake so, buɗe akwatin ka ga ramin PCI ne ko PCIe kafin ka je kasuwa, in kuma siririyar 790 ce sai mai gajeren ƙarfe.

Sannan tunda kwamfutar shago ce da filash ɗin kowa ke shiga, ka sani Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma a kan 109 ya tsaya mata, kar ka riƙa shiga banki da ita.