Me Maroko ta fi mu da shi da har baƙi suke tururuwa zuwa can?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo cewa Maroko ta zarce Masar a yawan baƙi masu yawon buɗe ido. Abin ya ɗaure mini kai, domin Masar ce ke da dala da Kogin Nilu da tarihin Fir'auna. To me yake sa Turawa da sauran mutanen duniya su ɗunguma zuwa wata ƙasa, su bar wata wadda a ganina ta fi ta abin kallo? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Barka kadai, malam. Abin da ka ji gaskiya ne. A 2024 Maroko ta ƙirga baƙi miliyan 17.4, Masar kuma miliyan 15.7. Sai dai kafin mu yi nisa, bari in rage wa lissafin gishiri. Maroko tana sanya 'ya'yanta mazauna ƙetare cikin ƙidayar, wato waɗanda ke aiki a Faransa da Sifen da Italiya da Beljiyam, suke dawowa gida hutun bazara da motoci shaƙe da tsaraba. Su kaɗai sun kusa rabin adadin. Duk da haka, ko an cire su, baƙin da suka rage ba kaɗan ba ne.

Inda nake ganin tambayarka ta ɗan kauce shi ne zaton cewa abin kallo ne yake yanke hukunci. Abin kallo kam ko'ina akwai shi. Wanda zai tafi hutu, kafin ya tambayi me zai gani, sai ya fara lissafin awa nawa zai yi a jirgi, nawa ne tikiti, ko sai ya yi layin biza, ina zai kwana, sannan in wani abu ya faru wa zai kula da shi. Ƙasar da ta amsa waɗannan tambayoyi ita ke kwashe baƙi, ko da maƙwabciyarta ta fi ta tarihi.

Fara da kusanci, wanda baiwa ce daga Allah, babu wayon gwamnati a ciki. Tsakanin Maroko da Sifen ruwa ne na kilomita 14 a inda ya fi tsukewa. Jirgin ruwa daga Tarifa zuwa Tanja kusan awa ɗaya yake yi. Daga Faris zuwa Marrakesh awa uku da 'yan mintuna ne a jirgin sama, daga Landan kuma kamar uku da rabi. Ma'aikaci a Landan zai tashi aiki ranar Alhamis cikin sanyin Janairu da duhun ƙarfe huɗu, ya kwana a Marrakesh, ya wayi gari yana shan hantsi a kan soro, ranar Litinin yana teburinsa. Bai nemi dogon hutu ba, kuma agogonsa bai rikice ba, don bambancin lokaci bai wuce awa guda ba.

Amma wannan kusanci yana nan tun fil azal. Abin da ya sauya lissafi shi ne yarjejeniyar buɗe sararin samaniya da Maroko ta ƙulla da Tarayyar Turai a ƙarshen 2006. Kafin nan, kamar yadda yawancin ƙasashenmu ke yi har yau, gwamnati tana kare kamfanin jirginta ne ta hanyar taƙaita masu shigowa, tikiti kuwa ya yi ta tsada. Da aka buɗe ƙofa sai kamfanonin jirage masu araha irin su Ryanair da easyJet suka kwararo, suna tashi har daga ƙananan biranen Turai da ba ka taɓa jin sunansu ba, kai tsaye zuwa Marrakesh da Fas da Agadir. Kamfanin ƙasar, Royal Air Maroc, ya ji jiki a shekarun farko, har sai da ya rage ma'aikata ya sake tsari. Gwamnati ta daure, saboda ta lissafa cewa abin da baƙo zai kashe a otal da tasi da kasuwa ya fi ribar tikitin da aka rasa. A ganina, in aka ce in zaɓi mataki ɗaya tak da ya kawo Maroko inda take, wannan zan nuna.

Biza kuwa, Bature ko Ba'amurke ba ya neman ta. Fasfo kawai zai miƙa a filin jirgi, a buga masa hatimin kwana 90. Ni da kai masu fasfon Najeriya sai mun nema, wannan kuma zance ne na wata rana.

Shi kansa shirin ba ranar tafiya aka fafe gorarsa ba. Tun 2001 Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da manufar kai baƙi miliyan 10 kafin 2010. Ba su cika ba a kan lokaci, sun tsaya a miliyan tara da ɗoriya, wasu wuraren shaƙatawa na bakin teku da aka zana ma ba su kammalu yadda aka so ba. Amma an shimfiɗa manyan tituna, an faɗaɗa filayen jirgi, kuma a 2018 aka buɗe jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Al Boraq, wanda ke haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintuna.

Yanzu mu zo ga abin kallon da kansa, don ban ce ba shi da muhimmanci ba. A tsakiyar tsohon birnin Marrakesh akwai wani dandali, Jami'ul Fana. Da rana fili ne kawai, da masu matse lemo da masu lalle da masu wasa da maciji. Da la'asar sakaliya sai ka ga an turo kuloli, an kakkafa rumfuna da tebura, an hura gawayi. Kafin a kira magariba daga hasumiyar Kutubiyya, wadda ke tsaye tun ƙarni na 12, hayaƙin gashi ya rufe wurin. Can ga mai ba da labari an yi masa zobe, nan ga makaɗan gargajiya da ake kira Gnawa da ƙarafunansu suna kacau-kacau, gefe ga mai dafa kan rago. Abin lura shi ne yawancin waɗanda suka yi zoben 'yan gari ne, kuma da Larabcin Maroko ake labarin, Baturen ba ya jin ko kalma. Abin da ke jan sa ke nan, ya ga ba don shi aka shirya ba. UNESCO ta sanya dandalin cikin gadon al'adun duniya a 2001, tsohon birnin kuma tun 1985.

Masauki ma sun yi masa dabara. Tsofaffin gidajen cikin birni, waɗanda suke kira riyad, daga waje bango ne kawai da 'yar ƙofa a cikin lungu. Kana shiga sai tsakar gida mai sanyi, da bishiyar lemo da ɗan kwarmin ruwa, ɗakuna sun kewaye. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tsarin gidanmu ne na rufin asiri. Sun gyara ɗaruruwan irin waɗannan gidaje sun mai da su masaukin baƙi, ta yadda baƙo yake kwana cikin abin da ya zo kallo, ba a wani dogon bene na bayan gari ba.

Sai kuma labari, wanda shi ne jarin da ba a saye da kuɗi rana ɗaya. Winston Churchill ya riƙa zuwa Marrakesh hutu yana zane, har a 1943 bayan taron Kasablanka ya jawo Shugaba Roosevelt ya zo ya ga faɗuwar rana a kan duwatsun Atlas. A 1980 mai zanen tufafi Yves Saint Laurent da abokinsa Pierre Bergé suka sayi lambun Majorelle suka raya shi, yau sai ka yi layi kafin ka shiga. Masu shirya fina-finai sun daɗe suna ɗaukar hoto a yankin Warzazat. A zamanin Instagram kuma wani ƙaramin gari a duwatsun arewa, Shafshawan, ya yi suna saboda kawai an shafe bangayensa da shuɗi. Kowane baƙo da ya ɗora hoto ya yi musu talla kyauta. Ƙwallo ma ta taimaka: kaiwarsu wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Katar ya sa sunan ƙasar a bakin mutanen da ba su san inda take a taswira ba, ga kuma gasar 2030 da za su karɓa tare da Sifen da Fotugal.

Akwai wani abu da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda. A Fas, ana kai baƙi saman shagunan dukawa su leƙa majemar Shuwara, a miƙa wa kowa ɗan reshen na'ana'a ya kanga a hanci saboda wari, su yi ta ɗaukar hoton majema cikin ramukan rini, sannan a sauko da su ta cikin shago su sayi jaka. Alhali fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, suna rufe littattafai masu tsada da ita, da yawanta fatar jan akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ratsa Sahara da ita. Sunan wanda ya kai kasuwa ne ya bi ta. Kai da ke Kano, je ka karofin Ƙofar Mata ka tsaya rabin yini ka ƙirga baƙin ƙetare nawa za su zo.

Masar fa? Ba abin kallo ta rasa ba, tsoro ne ya ci ta. A 2010 ta karɓi baƙi miliyan 14.7. Juyin juya halin 2011 ya kore su, sannan a Oktoban 2015 aka tarwatsa jirgin Rasha a Sina'i, mutum 224 suka mutu, Rasha ta dakatar da jiragenta, Birtaniya ta daina zuwa Sharm el-Sheikh. Sai da Masar ta shafe fiye da shekara goma kafin ta koma adadin 2010. Tunisiya ma haka ta sha bayan harin Susa na Yunin 2015 da ya kashe mutum 38. Baƙo ba ya karanta tarihin rikici. Shafin gargaɗi na ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa yake dubawa, in an shafa wa wuri ja, kamfanin inshora ya janye, kamfanin jirgi ya bi baya. Maroko ita ma ba ta tsira ba, an kai hari a wani gidan shayi a bakin Jami'ul Fana a 2011, mutum 17 suka rasu, ga girgizar ƙasar Satumban 2023 da ta kashe kusan 3,000. Bambancin shi ne abin bai yi ta maimaituwa ba, kuma wata guda bayan girgizar aka yi taron Bankin Duniya da IMF a Marrakesh kamar yadda aka tsara, duniya ta ga garin na nan.

Misali mafi kusa da mu shi ne Agadas. Akwai lokacin da jiragen haya ke tasowa daga Faransa kai tsaye su sauka a can lokacin sanyi, direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa suna cin abinci da baƙin da ke zuwa Ayar da Tenere. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka tsayar da komai. A 2013 UNESCO ta karrama tsohon garin, hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27 tana nan inda take, amma jiragen ba su dawo ba, direbobi da dama suka koma jigilar masu tafiya Libiya.

Kada kuma ka ɗauka duk riba ce ga Maroko. Kuɗin shiga ya haura dirhami biliyan 100 a shekara, gaskiya ne, amma baƙi masu kuɗi sun saye gidajen cikin birni har 'yan asalin unguwa suna komawa bayan gari. Wuraren ninkaya da filayen golf suna shan ruwa a ƙasar da ta yi shekaru a jere cikin fari. Masu tare baƙo a lungu su ce za su nuna masa hanya sannan su tsare shi da neman kuɗi sun yi yawa, har sai da aka kafa 'yan sanda na musamman saboda su.

Akwai kuma wasu baƙin da ba a cika ambata ba, su ne namu. Duk shekara 'yan Tijjaniyya daga Najeriya da Nijar da Senegal da Gana suna zuwa Fas ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815. Su ba ruwansu da hoton shuɗin bango, amma suna kama ɗaki, suna hawa tasi, suna sayen jallabiya da turare, kuma jirgin da ke kwaso su daga Legas da Abuja da Yamai na Royal Air Maroc ne.